Rasuwar Goggo, Kwamfutar Labarin Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu goma da suka rasa wurin sauka, ni Malam Ɗanmaliki, tsohon malamin firamare kuma magatakardan ƙungiyar 'yan asalin Bagudo mazauna nesa, a madadin iyalina da na yayana Bunyaminu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na gida da na ƙetaren iyaka, rasuwar kwamfutarmu wadda kowa ya fi sani da Goggo. Ta cika ranar Alhamis ɗin da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburinta na zaure, tana bakin aiki.

Kafin in rubuta wannan sanarwa sai da na je wurin limamin unguwarmu, domin a zamanin nan na shari'a mutum ba ya yin abu da ka. Na tambaye shi ko ya halatta a yi juyayin na'ura. Ya ce duk abin da ya sosa ran mumini, ko igiyar takalminsa ce ta tsinke, yana iya cewa daga Allah muke, gare Shi za mu koma, amma kada in wuce nan. To na faɗa, kuma ban wuce ba.

Marigayiya 'yar Kwatano ce ta gaskiya. Can aka sauke ta daga jirgi, bayan ta yi aurenta na fari a wata ƙasar masu Faransanci da ba ta taɓa gaya mana sunanta ba. Shekarunta na haihuwa babu wanda ya sani. Mu dai mun haura shekara goma tare. Autata Munawwara, a lokacin tana karatun kwamfuta a Birnin Kebbi, ita ta yi wa wani mai fataucin albasa sautu. Ya shigo da ita ta Lolo, bakin iyakarmu da Benin, nannaɗe cikin zani, a tsakiyar buhunan da ya juye. Shi ya sa a shekararta ta farko, duk lokacin da fankarta ta tashi, zauren sai ya ɗauki ƙamshi kamar an ɗora miya.

Mai ɗakina Barira ce ta raɗa mata suna. Ta tsaya tana kallo ranar da aka fara kunna ta, ta ji yadda take nishi kafin ta buɗe ido: gurrr, ƙas, ƙas, ƙas, can sai tiit. Ta ga ba a sa ta gaggawa, kuma abin da aka gaya mata sau ɗaya ba ta mantawa. Sai ta ce ai wannan Goggo ce. Wace goggo take nufi, ba ta faɗa ba, ni ma ban bincika ba, don ina son zaman lafiya a gidana.

Ba mu ce marigayiya ba ta da aibi ba. Haruffanta jeren Faransawa ne: inda kowace kwamfuta ke ajiye A, ita Q ta ajiye. Na yi wata da watanni ina rubuta Bqgudo. Daga baya yatsuna suka bi ta, har ta kai yau in na taɓa wata kwamfutar ni ne bare. Ba ta son zafi, ba ta son a motsa ta, kuma tsakaninta da firinta ba a taɓa ga-maciji ba. Amma ba a san ta da tsegumi ba. Asirin gari guda ya bi ta cikinta, ba a taɓa jin ta kai wa wani abin da ba nasa ba.

Aikinta shi ne Labarin Gida, takardar da nake aika wa mutanenmu kowace Alhamis don su karanta ranar Juma'a: wa ya haihu, wa ya riga mu, ina ruwa ya kai, yaya shinkafa ta yi a Kende, wane ne ya dawo daga hajji da haƙorin Makka. A da da hannu nake rubutawa in bai wa direbobi, labarin suna ya isa Legas yaro ya fara rarrafe. Da Goggo ta zo aka ce a koma imel. Nan na gamu da ɓera, wato ɗan abin nan da ake turawa a tebur kibiya ta motsa. Alli ya riga ya cinye mini hannu, rawa yake yi. In na nufi gabas kibiya ta yi yamma, kamar mai korar kaza a fili. Ina son kan labari ya fito manya, ina son muhimmiyar kalma ta bambanta da sauran, amma kafin in kamo kibiyar man janareto ya ƙare.

Munawwara ta zo hutu ta same ni ina zufa. Ta zauna ta rubuta wata 'yar manhaja, ta zuba wa Goggo a ciki, ta ce daga yau in saki ɓera ya huta. In ina son kan labari, in fara layi da alamar nan mai kama da gidan dara. In ina jera sunaye, in sa 'yar sanda a gaban kowane. In ina son kalma ta ɗan kishingiɗa, in sa mata tauraro ɗaya gaba, ɗaya baya. In kuwa ina son ta yi kauri ta yi baƙi ƙirin, taurari biyu gaba, biyu baya. Shi ke nan karatun. Sauran aikin na Goggo ne.

Kuma a nan ne baiwarta take. Sai ta ɗauki wannan rubutu nawa ta ƙulla ƙunshi ɗaya mai ɗaki-ɗaki. A ɗakin farko ta ajiye shi tsirara, yadda na buga shi, da taurarinsa da gidan dararsa. A na biyu ta maimaita maganar kalma da kalma, amma ta sa mata babbar riga: kan labari ya miƙe, sunaye su jeru, taurari su ɓace su bar kalma da adonta. In akwai hoto, ta buɗe masa ɗaki na uku. Tsakanin ɗaki da ɗaki ta ja wani layi na haruffa da ita kaɗai ta san yadda ta haɗa su, wanda Munawwara ta ce sunansa iyaka. Mu mutanen bakin iyaka ne, mun san halinta, amma ta Goggo ce kaɗai na taɓa gani da babu abin da ya taɓa tsallaka ta a ɓoye. In ƙunshin ya isa, na'urar da ta karɓa ita ke zaɓen abin da za ta iya ɗauka. Babbar kwamfutar ofis ta buɗe mai riga. 'Yar ƙaramar waya mai maɓallai ta buɗe tsirara. Kowa ya ji labari ɗaya, gwargwadon ƙarfinsa.

Taurari biyu kuwa ban saba amfani da su ba. Tun ina koyarwa na san malamin da ke yawan zuba jan biro, yara daina tsoronsa suke. A ganina baƙin rubutu mai kauri ihu ne, kuma dattijo ba ya ihu a takarda. Haihuwa, aure, ambaliya, har rasuwa, tauraro ɗaya ya ishe su.

Tarihi ba zai cika ba in ban ambaci fitinar ƙugiya ba. A watanninta na farko, haruffanmu masu lanƙwasa ba sa isa lafiya. Duk inda na sa ɗ ko ƙ ko ɓ, a can alamar tambaya ake gani. Sunana kansa ya koma ?anmaliki, wanda ya sa har gobe mutanenmu na Legas Malam Tambaya suke ce mini. Wannan na haƙura. Abin da ya tayar da hankali shi ne makon da na rubuta cewa Jannatu matar maƙwabcina ta haifi ɗa. A Faraku, can ƙasar Benin, danginta suka karanta ta haifi ?a. Aka rabu gida biyu, wasu suka ce ɗa ne, wasu suka ce 'ya ce, kuma babu wanda ya yarda ya kira waya a ce bai iya karatu ba. Ranar suna sai ga saƙo ya iso da 'yar hula da 'yan kunne a leda ɗaya. Munawwara ta ƙara layi ɗaya a goshin kowane ɗaki, mai sanar da irin baƙaƙen da ke ciki, kuma tun daga ranar Goggo ba ta sake yar da ƙugiya ko ɗaya a hanya ba. Yaron nan yanzu yana firamare, 'yan kunnen suna wurin ƙanwarsa.

Ta yi aiki cikin hali mai wuya. Wuta ba kullum ba, sai mu jingina da janaretonmu Ango, wanda ya samu sunansa don yini ɗaya yake aiki ya nemi hutun mako. Sabis kuwa sai da muka ɗaure modam a kan gora, muka kafa a saman zaure, wani lokaci na gida ya kamo, wani lokaci ya jiyo na Benin ya rikice. Hoto ɗaya yakan ci mata yamma guda. Ba ta taɓa ajiye kaya a rabin hanya ba. Tana nishi, tana ƙas-ƙas, har sai mun ji ting, alamar saƙo ya fita, sannan kowa ya saki numfashi.

Akwai shekarar da aka so a rage mata ɗaki. A taron ƙungiya na bayan sallah, Alhaji Nasrullahi, ɗanmu da ke aiki a Abuja, ya miƙe ya ce duniya ta ci gaba, kowa yanzu yana da waya ta shafa. Ya ce wannan rubutu tsirara abin kunya ne ga gari kamar Bagudo, a bar mai ado kawai, a ƙara launi da tambari. Jama'a suka yi na'am, ni ma maganar ta ɗan shige ni, don wa ke ƙin a ce takardarsa ta yi kyau? Na kira Munawwara, lokacin ta yi aure tana aiki a Sakkwato, na ce ta zo ta rushe ɗakin farko.

Ta ce, "Baba, mai babbar waya ba ya rasa inda zai ji labari. Wancan ɗakin na wanda ba ka san yana saurare ba ne. Launi zan ƙara wa Alhaji, amma ɗaki ba zan rushe ba."

Aka ƙara launi, Alhaji Nasrullahi ya samu tambarinsa, ɗaki ya tsaya inda yake.

Yanzu zan faɗi babban aikin da marigayiya ta yi, wanda saboda shi gidanmu ba zai manta da ita ba.

Mu uku iyayenmu suka bari: yayarmu Hajjo, wadda ta raine mu, sai Bunyaminu, sai ni. Gidanmu gidan masunta ne. Ni aka kai boko, Yaya Bunyaminu ya riƙe taru. Shekaru da dama kafin zuwan Goggo, aka yi jayayya a kan wani tafki, wa ke da hakkin fara kamun kifi a cikinsa, dattawa suka yanke hukunci bai yi masa daɗi ba. Ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka Bagudo ba. Ya kwashi iyalinsa ya haura kogi, ya kafa tunga a ɓangaren Benin, kusa da Malanbil. An aika masa manya, ya ba su kifi ya sallame su. Na je da kaina, ya karɓe ni hannu biyu, muka yi hirar komai, ina ambaton gida ya tashi ya ce zai duba jirgi. Hajjo ta daina zancensa, sai dai in an yi tuwo takan ce a rage, ko wani zai zo.

Wata rana a kasuwar Lolo na ci karo da 'yarsa Safina tana sayar da banda. Na ga waya a hannunta, irin mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ta ce wani malamin makarantarsu ya buɗe mata adireshin imel, amma ba ta taɓa samun saƙo ba. Na karɓa. Ta gargaɗe ni cewa babanta ko sunan Bagudo ba ya son ji. Na ce ai ke nake aika wa, ba shi ba. Na sa ta cikin masu karɓar Labarin Gida. Shekaru suka yi ta wucewa, wasu suna amsawa da godiya, wasu da gyara, wasu da ƙorafin ban ambaci kakarsu ba. Daga tungar Yaya ko tari ban taɓa ji ba. Na ɗauka wayar ta faɗa ruwa tuni.

Sai Hajjo ta kwanta. Zazzaɓi ne ya fara, ya koma ƙirji, ta daina cin abinci, ta fara rabon zannuwanta. Ranar Alhamis na zauna gaban Goggo, na rubuta labarin shinkafa da na wani aure a Geza, na zo kan nata hannuna ya tsaya. Ban yi shawara da kowa ba, yatsa dai ya sauka sau biyu. Na sa taurari biyu, na rubuta Hajjo tana jin jiki ƙwarai, mai son ganinta ya zo, na rufe da biyu. Goggo ta yi nishinta ta ce ting.

Ranar Asabar da hantsi muna zaune a ƙofar ɗakin Hajjo sai muka ji babur ya tsaya. Wani dogon tsoho ya sauko, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya shigo ba sallama mai tsawo, ya wuce mu kamar jiya ya fita. Barira ta saki kwanon da ke hannunta. Ya durƙusa a bakin gadon, ya kama ƙafar yayarsa ya riƙe. Hajjo ta buɗe ido ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce masa da ta san ciwo ne zai kawo shi, da tuni ta kwanta. Ta kuma ce ya yi baƙi ya rame, ko matar tasa ba ta dafa abinci ne. Da muka ji ta fara faɗa muka san da sauran kwana. Da yamma ta sha kunu.

Bayan sallar la'asar muka zauna a zaure ni da shi, Goggo tana gefe an rufe ta da ƙyalle. Ina shirin ba shi labarin abin da ya wuce a bayansa, sai na tarar babu abin da bai sani ba. Ya san sunan kowane jariri, ya san wanda ya faɗi zaɓen ƙungiya, ya san shekarar da ruwa ya ci gonakin Kende. Ashe kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci, sai ya zauna yana gyaran taru, ya juya baya kamar ba ruwansa, Safina ta karanta da ƙarfi wai ga uwarta. Wayarta ɗakin farko kawai take iya buɗewa. Ita kuma makarantar Faransanci ta yi, an hore ta kada ta tsallake komai a takarda, don haka har alamomin take karantawa: tauraro, an yi ruwa, tauraro.

Ya ce, "Ɗanmaliki, shekara da shekaru yarinyag ga na karanta surutunka, tauraro guda gaba, guda baya. Ko da Sarkin Ruwa ya rasu guda kas sa. Jiya naj ji ta ce tauraro, tauraro, Hajjo. Ban bari ta ƙarasa ba. Nac ce a kwance min jirgi."

Na ce, "Yaya, ashe kana ji, ba ka taɓa amsawa ba?"

Ya ce, "Mi za ni ce? Kai ka iya magana. Ni ji nika yi."

Sai ya ɗaga ƙyallen ya leƙa Goggo, ya tambaya ko ita ce mai kawo saƙon. Na ce ita ce. Ya gyara zama ya gaishe ta da gajiya, da gaske, yadda ake gaida wanda ya sha hanya.

Saura rantsuwa. Liman ya ce wanda ya karya rantsuwa don alheri ya yi daidai, sai dai ya ciyar da miskinai goma. Yaya ya aika aka kawo kifi kwando biyu, aka soya a ƙofar gida. Ban taɓa sanin unguwarmu tana da miskinai da yawa haka ba. Har masu shago na gani a layi, kowa ya sunkuyar da kai. Hajjo ta warke sarai. Yaya bai tashi tungarsa ba, amma tun daga lokacin kowace Laraba yana gida, ya kwana, Alhamis ya zauna kusa da Goggo. Ya ce takardata ba ta san ruwa ba, don haka aka buɗe masa nasa kan labari, yana faɗa ina bugawa: inda kifi ya koma, inda yashi ya tare hanya, wane jirgi ya tsufa a guje shi. In ya ce munka ko sunka na mayar da shi muka da suka, sai Safina ta karanta masa ya dawo da ƙara, wai na sa masa bakin Kano. Dole na bari. Goggo ta kai maganarsa yadda ya faɗe ta, kuma mutanenmu na nesa suka ce wannan sashe suka fi so, abin da har yau ban gama yafe musu ba.

Rashin lafiyarta ya zo a hankali, irin na tsufa. Batirinta ne ya fara mutuwa, ta koma rayuwa da igiya a jiki, in Ango ya yi tari ita ma ta suma. Sai haruffa suka fara zubewa. E ya faɗi muka manna, ya sake faɗuwa na koyi danna gurbinsa. Sannan mantuwa ta shigo. Kowace safiya sai ta farka tana cewa yau ɗaya ga Janairu ta wata shekara da ta wuce tun kafin mu san ta, sai na zauna na gaya mata kwanan wata a hankali, gobe kuma ta mance. A watannin ƙarshe ta fara magana da Faransanci zalla, fari a kan shuɗi, harshen gidansu na fari. Safina ta zo ta karanta, ta ce tana neman a gyara mata wani abu a ciki, amma ba ta faɗi mene ne ba.

Mun kai ta wurin Mudassiru mai gyara a bakin kasuwa. Ya buɗe ta, ya hure ƙurar da ta kai a shuka gero, ya kara kunnensa ya saurari ƙas-ƙas ɗin. Ya ce ma'ajiyarta ce ke karkarwa, irinta kuma an daina yi. Mu kai ta gida mu lallaɓa, kada a ɗora mata kaya mai nauyi.

Ranar Alhamis ɗin, Yaya ya zo da hoton wata giwan ruwa da ya kama, yana tsaye kusa da ita, kusan tsawonsu ɗaya. Na tuna masa maganar Mudassiru. Ya ce shekara arba'in yana neman wannan kifi, in Legas ba ta gani ba kamar bai kama ba. Na haɗa hoton. Goggo ta karɓa ba musu. Ta gina ɗakunanta uku, ta ja iyakokinta, ta fara turawa. Nishin ranar daban ne, gurrr mai tsawo, sai shiru, sai ƙas, sai shiru. Muna zaune mu biyu muna saurare. Can ta ce ting. Saƙo ya fita cikakke, da kifi da komai. Sai fanka ta yi fuuu, ta tsaya. Na danna, na sake dannawa. Yaya ya cire hularsa.

Game da sanadi, iyali ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ni na ce kifi ne. Yaya ya ce doguwar gabatarwata ce, wadda a cewarsa ko jaki aka ɗora wa sai ya durƙusa. Barira ta ce tsofaffi biyu ne suka taru a kan baiwar Allah. Mun bar wa kwana.

Marigayiya ta rasu ta bar Ango, wanda tun ranar bai tashi ba, ko don juyayi ko don halinsa. Ta bar modam a kan gora, yana ta ƙyafta ido yana neman wanda zai kai wa sabis. Ta bar ɓera, sabo fil kamar ranar da ya zo, da caja mai ɗauri uku, da firinta wadda ba mu ga alamar damuwa a tare da ita ba. Ta bar 'yar manhajar nan, domin Munawwara tana da kwafinta a Sakkwato, har ta ce kafin shayi ya huce za ta zuba ta a wata sabuwa. Na ce mata ta bari a share makoki tukuna, ba a zancen aure a gidan gawa. Ta kuma bar tsofaffi biyu da ba su san abin da za su yi da ranar Alhamis ba.

Iyali suna neman afuwar jama'ar Geza da Kende da suka yi ayari ranar Juma'a bayan sun ji an ce Goggo ta gidan Ɗanmaliki ta rasu. Sun iso da kuka suka tarar da Hajjo a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta karɓi gaisuwar da kanta, ta ji duk alherin da aka faɗa a kanta, ta gyara wa wasu inda suka rage. Geron da aka kawo ta ce ba a mayar da sadaka.

Ga yadda aka tsara. Ba za a yi wanka ba, don marigayiya ba ta shiri da ruwa tun tana raye. Saboda wannan dalili ne aka ƙi shawarar Yaya ta a kai ta tsakiyar kogi. Ba za a yi salla ba, bisa faɗar liman. Gilashin fuskarta an ba Mudassiru sadaka, zai sa wa kwamfutar wata ɗaliba da tata ta fashe. Sauran jiki za a naɗe shi a saka a akwatin ƙarfe na Barira, ƙarƙashin gado, ranar Lahadi da hantsi. Ana sanar da 'yan gwangwan da suka fara zagaye gidan da sikeli cewa an gan su. Za a zauna karɓar gaisuwa a zaure bayan la'asar har kwana uku. Akwai shayi, mai son sukari da yawa ya taho da nasa.

Abu na ƙarshe roƙo ne, kuma shi ne ya sa aka manna wannan sanarwa a tasha da bakin jirgi a Lolo, aka kuma ba direbobin Kamba da na Malanbil. Adireshin mutanenmu duka a cikin Goggo suke, sun tafi tare da ita. Waɗanda suka taɓa amsa mana, Munawwara ta tsinto nasu daga amsoshin. Amma akwai da yawa da ba su taɓa cewa uffan ba, wasu ko fuskarsu na manta, kuma yanzu na san shiru ba ya nufin babu kowa. Juma'a za ta yi, wani zai zauna a wata tunga ko bayan wani shago, a duba waya a ga babu komai, ya ɗauka gida ya manta da shi, ko ya ce tsohon nan ya tafi.

Don haka duk wanda ya san ɗan Bagudo a ko'ina yake, mai waya babba ko ƙarama, mai fushi da gida ko mai kunyar dawowa, ya taimaka ya isar masa da baki. A ce masa Ɗanmaliki yana nan da ransa. A ce masa ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta yi kyau bana, Hajjo tana gaishe shi. Ya aiko da adireshinsa ta hannun kowane direba, ba sai ya haɗa da gaisuwa ba, ba kuma za a tambaye shi dalilin shirunsa ba.

Allah Ya ba mu haƙuri, Ya maya mana da mai irin halinta.